Kyamara a Hannun Ɗan Gida

Duk ɗan Rogo da ya tafi karatun aikin jarida, ko a Jami'ar Bayero ta Kano ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a wata kwalejin kimiyya da fasaha, akwai zangon da za a ba shi jinga: ya ɗauko bidiyon 'yan mintuna, ya yanke, ya haɗa, ya kawo a ba shi maki. Wasu a harabar makaranta suke gamawa. Masu dabara kuwa hutu suke jira su taho gida, don abin ɗauka a nan ba ya ƙarewa. Ga fadamun rake, ga masu dafa mazarƙwaila, ga ranar kasuwa da ke haɗa mutanen Kano da na Kaduna da na Katsina, tunda ƙaramar hukumar tana kan iyakar jihohin ne. Wanda yake da kuɗin mai ya hau babur zuwa Ƙaraye, ya ɗauko masunta a madatsar ruwan Challawa da aka kammala a 1992.

Kayan aikin ba su da yawa: wayar hannu, sai ƙafar kyamara idan an samu aro. Abin da aka koya a aji ma bai taka kara ya karya ba. A kwantar da wayar, kada a tsayar da ita irin ta masu TikTok. A fara da hoton nesa mai nuna wurin, a matso, sannan a zo dab da hannun mai aiki. Kowane hoto a riƙe shi kamar daƙiƙa goma ba motsi. Kada a dasa mutum a tsakiya kamar hoton fasfo. A allo duk wannan da sauƙi. Sai an tsaya gaban tukunyar mazarƙwaila, tururi ya rufe gilashin wayar, yara ashirin sun yi cincirindo suna ɗaga hannu, ake gane inda gizo ke saƙar.

Rana ita ce malama ta farko. Wanda ya fita da azahar zai dawo da fuskoki baƙi ƙirin a ƙarƙashin hula, farar riga kuma ta ƙone ba a ganin aikin wuyanta, saboda wayar ba ta iya ɗaukar tsananin haske da inuwa a lokaci guda. Hantsi da bayan la'asar su ne lokacin aiki. Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi yana tausasa haske, amma iskarsa tana kaɗa makirfo har ba a jin komai.

Sauti ne ma ke kayar da yawancinsu. Kunnen ɗan gari ya saba da ƙarar injin niƙa da janareton mai cajin waya da babura, har ya daina jin su. Waya ba ta sabawa. Sai dare ya yi, ɗalibi ya sa abin saurare a kunne, ya tarar hirar da ya yi da manomi rabinta injin ban-ruwa ne ke magana. Maganin da suke yi shi ne su ari waya ta biyu, su zura ta a aljihun gaban rigar mai magana tana naɗar murya, su tafa hannu sau ɗaya kafin a fara, don a samu inda za a daidaita hoto da sauti daga baya.

Amma a ganina darasin da ya fi duka nauyi babu shi a manhajar karatu. A Kano ɗalibi baƙo ne, ya ɗauka ya wuce. A Rogo ɗan wane ne, jikan wane. Kafin ya ɗaga waya a kasuwa sai ya gaida sarkin kasuwa, a unguwa sai mai unguwa ya sani, a ƙauye irin su Zarewa ko Fulatan sai an leƙa wurin dagaci. Tambayar farko da yakan sha ita ce ko ya zama ɗan fim ne. Tambayar tana da tarihi. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar fim ta bunƙasa a Kano, zargi kuma yana biye da ita. A 2001 gwamnatin jiha ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2016 shirin gwamnatin tarayya na gina alƙaryar fim a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, ya rushe bayan malamai sun yi masa ca. Duk da haka, gidan da ake yi wa yaro wannan tambaya, da dare Daɗin Kowa ake kallo a Arewa24. Dole ɗalibi ya iya bayani cikin ladabi cewa karatu ne, malami ne zai gani, ba intanet za a sa ba. Kuma dole ya cika alkawarin, don nan zai dawo Sallah.

A nan ɗalibai mata suka yi wa maza fintinkau. Namiji iyakarsa zaure. Mace kuwa tana shiga har tsakar gida, inda ake tuyar ƙuli-ƙuli da sussuka da kitso, ta fito da hotunan da abokin karatunta ba zai taɓa samu ba. Ita ma da sharaɗi. Wata matar ta yarda a ɗauki hannuwanta ban da fuska, wata sai maigida ya dawo an tambaye shi. Sharaɗin kan zame alheri, don hoton hannu yana murza tunkuza ya fi fuskar da kunya ta daskarar.

Sai zaman haɗawa. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka yana fama da Adobe Premiere, saura kuma CapCut ko KineMaster a waya, a shagon caji ko gidan da ke da sola. Bidiyon minti goma yana iya cinye wajen gigabait guda, sai an share hotunan biki kafin a samu wuri. Wannan duk wahalar da aka sani ce. Wadda ba a zata ba ita ce yankan maganar manya. Ɗalibi ya zauna gaban kawunsa ya ce, “Kawu, yaya aka fara noman rake a nan?” Kawu zai fara da bisimilla da salati, ya gaida hakimi, ya yi wa iyaye addu'a, ya biyo ta kan kakanni, sai can ya iso kan rake. Malami minti uku ya ce. Yaron da aka rene shi a kan ba a katse babba, yau shi ne zai sa yatsa ya datse gaisuwar, ya ɗauko jimlar ƙarshe ya kai ta farko, ya rufe wurin yankan da hoton gona don kada a ga kan kawu ya yi tsalle. Aikin edita ke nan, kuma daidai ne a yi shi, muddin ba a sa wa dattijo abin da bai faɗa ba. Sai dai hannu yana nauyi, musamman da yake kawu zai nemi a nuna masa.

Shi ya sa wasu suke haɗa kwafi biyu. Gajeren, mai rubutun suna a ƙasa da sautin da aka gyara, shi ake kai wa malami. Dogon, wanda ba a taɓa ko gaisuwa ɗaya ba, shi ake tura wa 'yan uwa ta Xender ko WhatsApp, kuma shi ne yake zaga gari.