Zumunta ta fi ƙarfin iyaka: Dogo-Dogo da sulhun Nijar da Najeriya

Dogo-Dogo tana cikin gundumar Dungass, jihar Damagaram, dab da iyakar jihar Jigawa ta Najeriya. Mutanenta Hausawa da Fulani ne, manoma da makiyaya. Kasuwar dabbobi ta Maigatari kasuwarsu ce, auratayya kuma ta haɗa su da mutanen ƙetaren iyaka tun kaka da kakanni. Saboda haka duk saɓanin Yamai da Abuja, su ne ke fara jin sa a jika.

Wannan ƙasa ta san gaba tun da. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano. Amma bayan mulkin kai, a 1971, Nijar da Najeriya sun kafa hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jagula wannan ma'amala. Ƙungiyar CEDEAO, ƙarƙashin shugaba Bola Tinubu, ta aza takunkumi. Aka rufe iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500, Najeriya ta yanke wutar lantarki, Nijar ta janye jakadanta. Abinci da magani suka yi tsada, cinikin bisashe ya faɗi.

Sulhu ya zo sannu sannu. An ɗage takunkumi ran 24 ga Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris. A Agusta, Janar Christopher Musa da Janar Musa Salau Barmu suka sa hannu kan yarjejeniyar tsaro a Yamai. A Disamba Janar Abdurahamane Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Najeriya ta musanta. Nijar ta fita CEDEAO a Janairu 2025, ta janye daga rundunar tafkin Cadi a Maris. Duk da haka, a Afrilu 2025 ministocin harkokin waje, Yusuf Tuggar da Bakary Yaou Sangare, suka gana a Yamai, suka amince a farfaɗo da hukumar 1971.

Ɓarayin shanu da masu fataucin makamai ba su san iyaka ba. Idan askarawan ƙasashen biyu ba su magana da juna, ɓarawo ya sami mafaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga talakan Dogo-Dogo, sulhu shi ne hanya buɗe, da kasuwa mai ci, da barci cikin kwanciyar hankali.