Labarin Billy Boston, Gwanin Zari-Ruga

A cikin shekarar 1953 waɗansu shugabannin ƙungiyar wasa daga garin Wigan na ƙasar Ingila suka yi sallama a wani ɗan gida cikin unguwar bakin jirgin ruwa ta birnin Kadif, a ƙasar Wels. Abin da ya kawo su kuwa wani saurayi ne mai shekara 18, sunansa Billy Boston. Yadda a ke ba da labarin, mahaifiyarsa ba ta so ya bi su ba, don haka ta yanka musu kuɗin da ta ke tsammani zai kore su, watau fam 3,000. Ashe baƙin sun zo da shirinsu. Suka ce sun yarda. Yaro ya sa hannu a takarda, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa daga baya cewa ya yi kuka a wannan rana.

Mai karatu zai tambaya, me zai sa ɗan talaka kuka ran da a ka ba shi kuɗin da leburan zamanin zai yi shekaru yana aiki bai tara ba? Ba za a gane amsar ba sai mun koma baya kaɗan, mun bayyana wasan da kansa.

Wasan ragbi, wanda Hausawa su ka laƙaba wa suna zari-ruga, ɗan'uwan tamaula ne, amma ƙwallonsa mai siffar ƙwai ne, kuma da hannu a ke ɗaukarsa a ruga. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe. Abokan hamayya suna da izinin su cafke mai gudu su kā da shi. Wanda ya tsere musu har ya dire ƙwallo a ƙasa bayan layinsu, shi ne ya ci. Asalinsa wasan makarantun 'ya'yan masu hali ne, kuma dokarsa ita ce kada kowa ya karɓi ko anini saboda wasa. Wannan doka ba ta damun lauya ko likita. Amma da wasan ya bazu cikin garuruwan arewacin Ingila, inda jama'a masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, sai ta zama kaya. Mutumin da ya bar aiki ranar Asabar don ya yi wasa, an yanke masa ladan wannan rana ke nan. In ya karye kuwa, iyalinsa su kwana da yunwa. Ƙungiyoyin arewa suka roƙa a yarda su riƙa biyan 'yan wasa abin da su ka yi hasara, manya na Landan suka ƙi. Ran 29 ga Agusta 1895 wakilai suka taru a garin Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle, suka yanka sule 6 a rana ga wanda wasa ya hana shi aiki. A 1906 suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13 a kowane gefe. Nasu wasan shi ne a ke kira Lig, na dā kuwa Yuniyan.

Gabar da ta biyo baya ta yi shekara 100 cif. Duk wanda ya taɓa karɓar kuɗi a Lig, mutanen Yuniyan sun kore shi har abada, ko filinsu ba a son ganinsa. Sai a 1995 su ma suka halatta biyan 'yan wasa. To, a ƙasar Wels Yuniyan shi ne abin alfaharin kowa, kuma burin kowane yaro shi ne ya sa jar rigar ƙasarsa. Wannan ƙofa ce Boston ya rufe wa kansa da alƙalami.

An haife shi ran 6 ga Agusta 1934. Ubansa mutumin Saliyo ne mai aikin jirgin ruwa, uwarsa kuwa asalinta daga Ailan, kuma shi ne na 6 cikin 'ya'ya 11. Unguwarsu, wadda a ke yi wa laƙabi da Tiger Bay, matattarar baƙi ce: Larabawan Yaman, Somalawa, mutanen Afirka ta Yamma da na tsibiran Karibiyan, duk jiragen kwal ne su ka kawo su. Tun yana makaranta a ka ga gudunsa ya fita dabam. Abin da ya ke so bai wuce ya buga wa Kadif ba, sa'an nan Wels. Amma Kadif ba ta neme shi ba, kuma kowa a unguwar ya san dalili, don babu baƙar fata da ya buga wa Wels wasan Yuniyan sai bayan 1980. A ganinmu, ƙofar da ya yi wa kuka dā ma ba buɗe ta ke ba, sai dai yaro mai shekara 18 ba ya saurin fid da rai.

Lokacin da mutanen Wigan su ka gano shi yana aikin soja na tilas, a barikin Catterick, cikin rundunar masu sadarwa, inda ya riƙa yi wa sauran ƙungiyoyin soja ɓarna. Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Wigan a watan Nuwamba 1953. Bai yi wasa 10 ba a ka zaɓe shi cikin 'yan wasan Birtaniya masu zuwa yawon gasa Ostareliya da Niyuzilan a 1954, shi ne baƙar fata na farko da ya yi wannan tafiya. Waɗanda su ka ce an yi gaggawa ba su daɗe suna magana ba, don ya ci sau 36 cikin wasa 18.

Wurinsa a fili shi ne can gefen dama, kusa da layi, inda a ke ajiye mai gudu. Galibin masu tsayawa a wurin siraran mutane ne, masu zille wa abokin hamayya. Boston ya iya zilliya, amma da shekaru su ka ja sai ya yi jiki, ya zama ƙato, gudun kuwa bai ragu ba. Mai tare shi bai san abin da zai tarar ba, ko ya kauce masa ya bar shi yana rungumar iska, ko ya dafa masa tafin hannu a ƙirji ya ture shi, ko kuwa ya bi ta kansa kawai. Yana da abokin aiki, Eric Ashton, mai tsayawa daura da shi, wanda ya san daidai lokacin da zai sakar masa ƙwallo. Malaman da ke koya wa yara wasanni za su gane muhimmancin wannan, don mai gudun gefe ba ya cin komai in na ciki mai rowa ne.

A kakar 1956 zuwa 1957 ya ci sau 60. Wigan ta ɗauki babban kofi a filin Wembley na Landan sau 3 yana ciki: a 1958 ta ci Workington 13 da 9, a 1959 ta ci Hull 30 da 13, shi kansa ya dire ƙwallo sau 2, a 1965 kuma ta ci Hunslet 20 da 16. Wani abin lura game da wasan 1959 shi ne mai horar da Hull a ranar, Roy Francis, shi ma baƙar fata ne daga Wels, wanda ya riga Boston bin hanyar arewa tun 1936. A 1960 Wigan ta zama zakaran ƙasa, ta lallasa Wakefield 27 da 3 a gaban mutum fiye da 83,000 a Bradford, kuma a wannan shekara Birtaniya ta ɗauki kofin duniya da Boston cikin 'yan wasanta.

Kada a ɗauka wai arewacin Ingila aljanna ce ga baƙar fata, ko shugabannin Lig ba su da laifi. A 1957, bayan gasar kofin duniya a Ostareliya, an shirya 'yan wasan Birtaniya su biya ta Afirka ta Kudu su nuna wasan. Ƙasar tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, ba a yarda baƙi da farare su yi wasa tare. Shugabanni ba su fasa tafiyar ba. Boston ya hau jirgi ya koma gida, abokansa suka wuce. Mu dai ba mu ga yadda za a wanke wannan ba. Abin da za a iya faɗa game da Lig shi ne ta fi 'yar'uwarta duban abin da mutum ya iya, ko da kuwa don ƙungiya mai biyan albashi tana bukatar nasara ne don 'yan kallo su biya kuɗin ƙofa. A 1972 wani ɗan Kadif, Clive Sullivan, baƙar fata, shi ne ya shugabanci Birtaniya har ta ɗauki kofin duniya a Faransa.

Game da kuɗi, fam 3,000 ɗin nan na sa hannu ne, ba albashi ba. 'Yan wasan Lig na wancan zamani ba su dogara da wasa kaɗai ba. Suna aikinsu cikin mako, su yi atisaye da dare, ranar Asabar a biya su gwargwadon sakamako, ladan nasara ya fi na faɗuwa nesa. Don haka gwanin da mutum dubbai su ka yi wa tafi ranar Asabar, ranar Litinin yana cikin motar haya tare da su za shi aiki. Wannan ya sa mutanen Wigan suka ɗauki Boston nasu. Filinsu, Central Park, ya taɓa ɗaukar mutum 47,747 a rana guda cikin 1959, a wasa da maƙwabtansu St Helens.

Ya bar Wigan a 1968 bayan shekara 15, ya ci mata sau 478 cikin wasa 488. Ya ɗan taɓa wasa a Blackpool ya ajiye a 1970. In an haɗa duka, cinsa 571 ne, kuma a tarihin wasan a Birtaniya mutum guda ne kaɗai ya fi shi, Brian Bevan ɗan Ostareliya, mai 796. Na bayansa kuwa, mai 501, shi ne Martin Offiah, wanda a ka haifa a Landan amma iyayensa 'yan Nijeriya ne, kuma Wigan ɗin ce ta saye shi fam 440,000 a 1992. Mai karatu ya gwada wannan da fam 3,000 na Boston.

Bai koma Kadif da zama ba. Ya zauna a Wigan, ya riƙe wani gidan shaye-shaye kusa da filin wasa shekaru da yawa. Filin kansa an rushe shi bayan wasan ƙarshe da a ka yi a cikinsa a 1999, an gina babban kanti a wurin. A 2015 an kafa mutum-mutumin gwanayen Lig 5 a Wembley, har da shi da Ashton da Offiah. Wigan ta kafa nasa shi kaɗai a 2016. Kadif ba ta yi nata ba sai 2023, shekara 70 bayan fitarsa, inda ta tsai da shi tare da Sullivan da Gus Risman a bakin ruwan unguwarsu.

Saura abu guda da ya daɗe yana ci wa mutanen arewacin Ingila rai. 'Yan Yuniyan da dama sun sami lambar girma ta Sa, amma cikin shekara 130 ba a ba ɗan wasan Lig ko ɗaya ba saboda wasansa. A watan Yuni 2025 Sarki Charles ya kira Boston fadar Buckingham ya naɗa shi, yana da shekara 90. An gaggauta bikin kafin ranar da a ka saba sanar da lambobin, saboda ciwon mantuwa da ya kama shi tun shekarun baya.