Lafiyar tabki daga tudu take farawa

Jama'a masu saurarenmu a Madawa, Buza da Keita, da 'yan'uwa da ke bin mu daga Abijan, Legas, Kano ko Libiya, yau batun tabkuna da baraji za mu duba. Manoman rani da makiyaya na kukan ruwa yana ƙafewa da wuri. Wasu na ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan sama. Akwai wannan, amma babbar cutar ita ce cikewa da yashi da laka.

Ga yadda abin yake. Ƙasarmu ta Adar tudu ce da kwari. Idan tudu ya zama faƙo, ba itace ba ciyawa, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsai da shi. Sai ya gangaro da gudu, ya kwashe ƙasa, ya yanka kwazazzabai, ya je ya zube kayansa cikin tabki. Kowace damina gindin tabki yana tasowa. Ruwa sai ya baje, ba zurfi, rana da iska su shanye shi. Barajin Ibohaman a Keita ya sha wannan matsala.

To, yaya za mu gane lafiyar tabkinmu? Ba sai da na'ura ba. A kafa sanda mai alamun awo a wuri guda, a riƙa rubuta zurfin ruwa ƙarshen kowace damina. A rubuta watan da ruwa ya ƙafe. A dubi launinsa: in ya daɗe ja wur bayan an ɗauke ruwa, ƙasa yake ɗauke da ita. A tambayi masunta ko har yanzu ana samun karfasa, ko kuwa sai tarwaɗa, wadda ke jure taɓo. A auna igiyar guga a rijiyoyin da ke kusa, gaba ɗaya nawa aka ƙara. A lura ko kacala tana cin bakin ruwa. Shekara uku ta irin wannan rubutu ta isa kwamitin gari ya je gaban magajin gari da ma'aikatan gandun daji da hujja a hannu.

Maganin kuwa mun san shi, don a nan aka gwada shi. Tun 1975 ƙungiyar CARE da manoman Majiya suka fara dasa layukan bedi don karya iska a yankin Buza. A 1984, cikin fari mai tsanani, aka soma Furojen Keita da kuɗin Italiya da taimakon FAO da PAM. An farfaɗo da sama da hekta 34,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18. Mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun, ana biyan su da abinci. Daga sama aka faro: ramukan tare ruwa a jikin tudu, jeren duwatsu da rabin wata a gonaki, sannan shingayen gabiyo cikin korama. Ruwa ya rage gudu, ya nutse, rijiyoyin fadama suka amfana.

Sai dai gini ba ya gyara kansa. Wayar gabiyo tana tsinkewa, jeren dutse yana watsewa, gatari na cin itace. In aka yashe tabki aka bar tudu tsirara, kuɗi ne aka zuba a rairayi, don damina kaɗan za su mayar da shi yadda yake.

Kuma ruwan ba namu ne mu kaɗai ba. Majiya tana ratsawa ta Konni har tabkin Kalmalo a Najeriya, kusa da Illela. Albasar kwarin Tarka a Madawa ma da ruwan da ya nutse ƙasa take rayuwa.

Don haka, 'yan'uwa da ke waje, in kuna haɗa gudummawar gari, ku ware wani abu na waya, shebur da baro. Mu kuma na gida, a fito gayya a gyara shingaye kafin ruwan farko. Allah ya ba mu damina mai albarka.