Gabatar da Kai da Bayyana Sana'a: Inda Hausa ta Bambanta da Turanci

Duk wanda ya sauka a baƙon wuri, tambayoyi uku ne sukan fara tarar sa: sunansa, garinsu, da aikin da yake yi. Ɗalibin da ya riga ya san Turanci kafin Hausa yakan shirya amsarsa da Turanci a zuci, sa'an nan ya juya ta kalma bayan kalma. Ta nan ne kurakurai suke shigowa, domin harsunan biyu ba hanya ɗaya suke bi ba. Wannan darasi zai nuna wuraren da suka rabu.

Dirka: ne da ce

A Turanci, mai son ya faɗi ko shi wane ne yana amfani da aikatau am ko is ko are, gwargwadon wanda ake magana a kansa. Hausa ba ta sa aikatau a wannan gurbi. Abin da take da shi wata 'yar kalma ce da ake kira dirka, wadda take zuwa a ƙarshen jimla. Ana sa ne ga namiji da jam'i, ana sa ce ga mace:

Ni malami ne.
Ni malama ce.
Mu malamai ne.

Ɗalibai da yawa sukan ce “Ina malami”, suna zaton ina ita ce takwarar am. Bahaushe ba zai ji wannan a matsayin cikakkiyar jimla ba. Zai saurari sauran zance, domin da irin wannan gini ake cewa “tun ina yaro”. Haka kuma Hausa ba ta buƙatar wata kalma a madadin a ko an kafin sunan sana'a.

Karin sautin dirka kishiyar na gaɓar da ta gabace ta ne. Kalmar malami tana ƙarewa da sauti na sama, saboda haka ne ɗinta yana sauka. Kalmar likita tana ƙarewa da sauti na ƙasa, sai ne ɗinta ya hau. Wajen korewa kuwa, ana sa ba a gaba da bayan suna, dirka ta biyo: “Ni ba likita ba ne”, “Ita ba ɗaliba ba ce”.

Jinsi a wakilin suna

Turanci yana da you guda ɗaya ga kowa. Yarabanci da harshen Igbo ma ba sa rarrabe namiji da mace a wakilin suna. Hausa tana rarrabewa: kai ga namiji, ke ga mace, ku ga jam'i. Haka abin yake a mallaka: sunanka, sunanki, sunanku. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Wanda ya ce wa dattijo “Yaya sunanki?” zai ba mutane dariya, wani lokaci ma a ɗauka raini ne.

Yadda ake gina sunayen sana'o'i

Hanya ta farko ita ce ɗafa-goshin ma-, wanda ake liƙa wa aikatau. Namiji yana ƙarewa da -i, mace da -iya, jam'i da -a:

manomi, manomiya, manoma
masaƙi, masaƙiya, masaƙa
maɗinki, maɗinkiya, maɗinka
marubuci, marubuciya, marubuta

A lura da misali na ƙarshe: baƙin t yana komawa c idan wasalin i ya biyo shi. Shi ya sa ake cewa mahauci, amma mahauta. Yawancin sana'o'in gargajiya da wannan hanya ake kiran masu su, kamar maƙeri da majemi da marini. A ƙasar Hausa kowace sana'a tana da shugabanta: Sarkin Maƙera, Sarkin Noma, da Sarkin Pawa wanda yake shugabantar mahauta.

Hanya ta biyu ita ce mai, jam'inta masu: mai gadi, mai shayi, masu sayar da hatsi. Mai ba ta canzawa ko ga namiji ko ga mace, dirka ce take nuna jinsi. Hanya ta uku ita ce ɗan, 'yar da 'yan: ɗan kasuwa, 'yar jarida, 'yan sanda.

Ta huɗu ita ce aro. Malami da alƙali daga Larabci suka zo, akawu daga Yarabanci, yayin da likita, direba, lauya, tela da kafinta suka zo daga Turanci. A nan akwai abin kiyayewa. Galibin sunayen Hausa masu ƙarewa da -a jinsin mace ne, amma waɗannan suna ɗaukar jinsin mai aikin: “Shi likita ne”, “Ita likita ce”. Jam'insu kuwa tsarin Hausa yake bi: likitoci, direbobi, lauyoyi.

Wurin aiki

Idan mutum zai faɗi abin da yake yi, lokaci mai ci yake amfani da shi: “Ina aiki a asibiti”, “Tana koyarwa a makarantar sakandare”. Amma da zarar kalmar tambaya ta zo a farko, ko an gabatar da wani sashe don ƙarfafawa, sai ina, kana, tana su koma nake, kake, take. Ba a cewa “A ina kana aiki?” Daidai shi ne “A ina kake aiki?”, amsa kuma “A asibiti nake aiki”. Kalmar tambaya ma tana bin jinsi: “Mene ne aikinka?” amma “Mece ce sana'arka?”

Suna, gari da shekaru

Ana cewa “Sunana Ngozi”, ba tare da an buƙaci dirka ba. Ba a cewa “sunata” ko da mace ce take magana, domin jinsin kalmar suna ake bi, ba na mai magana ba. Game da asali, ɗafa-goshin ba- yana aiki: Bahaushe, Bahaushiya, Hausawa, Bakano, Bakanuwa, Kanawa. Ga sauran garuruwa, ɗan ko 'yar sun isa: “Ni ɗan Enugu ne”, “Ni 'yar Ibadan ce”. Shekaru kuwa mallakar su ake yi a Hausa: “Shekaruna goma sha biyar”, ko “Ina da shekara goma sha biyar”. Wanda ya ce “Ni goma sha biyar ne” ya yi Turanci ne da kalmomin Hausa.

Ladabin tambaya

Sanin nahawu kaɗai bai wadatar ba. Ba a fara tambaya sai an gaisa. Yaro ba ya tambayar babba shekarunsa, ba ya kuma kiran sunansa kai tsaye, sai dai ya ce Malam, Baba, Alhaji ko Hajiya. A al'ada, mata da yawa ba sa ambaton sunan mijinsu ko na ɗansu na fari saboda kunya, don haka ba a matsa musu. Magidanci kuwa “Yaya iyali?” ake ce masa.

Ba sai ɗalibi ya jira an tura shi Arewa hidimar ƙasa zai gwada waɗannan ba. Akwai Hausawa a Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas da sauran garuruwan Kudu. Ya gaishe su, ya faɗi sunansa, ya saurari yadda suke amsawa.

Aiki

1. Kawo mace da jam'in waɗannan: maƙeri, ɗan kasuwa, mai gadi.
2. Gyara waɗannan jimloli: Ita lauya ne. Wane aiki kana yi? Sunata Bola.
3. Kore waɗannan: Shi direba ne. Mu manoma ne.
4. Rubuta jimloli biyar a kan kanka da sana'ar iyayenka.