Hadizar Shuga ta raba kan ƴan kallo a kasuwannin kan iyaka

Duk mai cin kasuwar Ɗan Isa ko Jibiya, ko mai ratsawa tsakanin Ƙonni da Illela, ya san rumfunan masu tura fim a waya, ya kuma san cewa ƴan lakkol da ƴan mata masu talla suna cikin masu yi musu ciniki. Daga cikin wasannin samari da suka bi ta wannan hanya suka shiga gidajenmu akwai MTV Shuga, kuma da muka buɗe layin waya a gidan rediyonmu kan wasannin da yara ke kallo, shi ne ya fi tayar da ƙura.

Idan ba a manta ba, an fara wannan wasa ne a ƙasar Kenya a shekarar 2009 domin faɗakar da matasa kan cutar sida, wato ƙanjamau, kuma a cikinsa Lupita Nyong'o ta fito kafin ta ci kyautar Oscar a 2014. Sunan ya samo asali ne daga sukari, ana nufin manyan mutane masu yaudarar ƴan mata da kuɗi. A 2013 aka dawo da shi Legas. To amma bai zama abin magana a ƙasar Hausa ba sai a 2018, lokacin da aka sa Rahama Sadau a matsayin malama Yasmin, Yakubu Mohammed a matsayin mijinta Mahmud, sannan Amal Umar ta fito a matsayin Hadiza, yarinyar da ta tsere wa auren da aka yi mata tana ƙarama, ta koma karatu a Legas.

Ƙorafin farko da muka ji shi ne an cika wa wasan gishiri. Masu wannan ra'ayi, akasarinsu magidanta, suna ganin ba a yi makarantar da a cikin zango guda za a samu mai ciki, da wadda aka yi wa fyaɗe, da mai bin alhazan birni, da mai gudun miji, duk suna zaune kusa da juna. A ganinsu an yi wa jaki lodin raƙumi. Wannan ƙorafi bai ba mu mamaki ba, sai dai ya ɗan ba mu dariya, domin kuwa mu ne muka tashi da finafinan Indiya, inda uwa ke makancewa saboda kuka, ƴan uwa su ɓace su haɗu bayan shekara ashirin, ba mu taɓa cewa gishiri ya yi yawa ba. Mata da suka kira ma sun ƙaryata su. Wata mai sayar da atamfa ta shaida mana cewa in ta lissafa abin da ya samu ƴan matan unguwarsu a shekara ɗaya, marubutan Shuga ragi suka yi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma a nan muke ganin masu saurare sun fi gaskiya. Sun lura cewa samari da ƴan matan Legas da ke cikin wasan an ba su hali irin na ɗan Adam: su yi kirki yau, gobe su yi ƙarya, su yi wauta, su ba da dariya. Da aka zo kan yarinyar Arewa kuwa, sai aka ɗora mata darasi a ka kamar faifan talla. Mai kallo yana ganinta ya san auren wuri aka zo a yi masa wa'azi a kai. Babu wanda ya musanta cewa akwai irin Hadiza a garuruwanmu, har wasu sun ce sun san ta a gidan maƙwabta. Abin da suke tambaya shi ne ina wayonta da tsiwarta, ina raharta da ƙawaye? Yarinyar da ke iya tsaya wa dillali a kan sefa ɗari ba ta rasa bakin magana. Shi ya sa da yawa suka fi son Yasmin da Mahmud, ma'aurata masu ilimi da maganar tazarar haihuwa ta shiga tsakaninsu, saboda gardamarsu ta yi kama da wadda ake yi a ɗaki bayan yara sun kwanta.

Akwai kuma waɗanda ba su ko tsaya sun dubi labarin ba. Tun da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga harkar fim ɗin Hausa a 2016 saboda bidiyon waƙar da ta yi da ClassiQ, ganin fuskarta kawai ya ishe su yanke hukunci.

Masu shirya wasan suna da tasu hujjar. Wani bincike da Bankin Duniya ya sa hannu a ciki, kan matasa kimanin 5,000 a kudu maso yammacin Nijeriya, ya gano cewa waɗanda suka kalli Shuga sun kusa ninka waɗanda ba su kalla ba wajen zuwa gwajin sida. Sai dai a tuna, zangon 2013 aka gwada, kuma a ƙasar Yarabawa aka yi gwajin. Abin da masu binciken suka ƙara da shi ya yi daidai da maganar masu saurarenmu: wasan ya fi tasiri a kan wanda labarin ya ja shi, ya ga kansa a cikin ƴan wasan. Ke nan idan ɗiyar ɗan kasuwa a Maraɗi ta kalli Hadiza ta ga allon sanarwa maimakon ƙawarta, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Wani dattijo mai fataucin wake ya kawo batun da ya shafi yawancin masu karanta wannan shafi. Yakan yi kwana huɗu a hanya kowane mako, wayar kuma tana hannun yara, wasan ga shi kyauta a YouTube. Bai nemi a hana ba. Shi da matan da suka kira bayansa roƙonsu ɗaya ne, a juya wasan zuwa Hausa kamar yadda ake juya na Indiya, domin Turanci da buroka ne suka fi yawa a ciki, iyaye suna ganin hawaye da runguma amma ba su jin abin da ake faɗa wa ƴaƴansu.