Rumbu ko Aljihu: Wanne Ya Fi Tsare Gida Ranar Masifa?

Ruwan da ya azurta Argungu da Birnin Kabi shi ne kuma yake tayar musu da hankali. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗewa kusa da birnin Sakkwato, su gangaro ta fadamar Kabi zuwa kogin Kwara, kuma a samansu akwai madatsun Goronyo da Bakolori. Idan malka ta yi ƙarfi aka saki ruwa, fadama ce ke karɓar sa, kamar yadda aka gani a 2010, da kuma 2020 lokacin da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa ana dab da girbi, ta karya gadoji. Saboda haka duk magidancin da ke wannan kwari ya san dole ya yi tanadi. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne irin tanadin: hatsi a rumbu, ko kuɗi a hannu?

Mu fara da abin da kowanne ke yi a ranar farko. Hatsi abinci ne da kansa. Ko hanya ta yanke, ko kasuwa ba ta ci ba, uwargida za ta surfa gero ta ɗora tukunya. Kuɗi kuwa sai an sami mai sayarwa, kuma mai sayarwa a ranar ambaliya shi ke yanka farashi. Amma hatsi ba ya biyan kuɗin kwalekwale, ba ya sayen magani idan amai da gudawa ko zazzaɓin cizon sauro suka biyo bayan ruwa, alhali kuɗi suna yin duka biyun.

Ta fuskar daraja, rumbu ya yi fintinkau a 2023 da 2024. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Wanda ya sayar da shansherarsa da kaka ya adana kuɗin, ya dawo kasuwa da damina ya tarar ba za su sayi abin da ya sayar ba. Wanda ya bar damman geronsa a rufewa kuwa, mudunsa yana nan mudu. Sai dai shi ma hatsi yana da masu cin sa a ɓoye: ɓera, gara, ƙwari da laima. Gero a dami yana jure shekaru, wake kuwa idan ba a zuba shi a buhu mai ruɓi uku ba, kafin bazara ya zama gari.

Ta fuskar gudu kuma, lamarin ya juya. Rumbun laka da ke bakin fadama, da ruwa ya jiƙa gindinsa sai ya zube, noman shekara ya tafi a dare ɗaya, kuma mai gudu da yara da tsofaffi ba zai ɗauki buhu goma a ka ba. Kuɗi ba su da nauyi. Waɗanda ke asusun banki ma ruwa ba ya taɓa su, gobarar hunturu ba ta ƙona su. Duk da haka mutanen Kabi ba su manta farkon 2023 ba, lokacin canjin takardun naira, da mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa saboda babu tsaba kuma sabis ya ƙi. Ranar da ruwa ya ɗauke wuta, waya ta mutu, mai POS ya rufe, kuɗin asusu suna nan amma hannu ba ya kai gare su.

Akwai kuma halin ɗan Adam. Kuɗi a aljihu suna da ƙofofi da yawa: biki, suna, rance ga ɗan uwa. Rumbu yana da kwarjini, ba a buɗe shi sai da shawarar maigida, kuma idan maƙwabci ya shiga uku, an fi saurin auna masa tiya biyu. To amma rumbu kowa na ganinsa, har da ɓarawo, yayin da kuɗi ke ɓoyuwa.

Idan aka ɗora su a sikeli, za a ga kowanne da masifar da yake tarewa. Hatsi garkuwa ne daga tsada da yankewar hanya, kuɗi garkuwa ne daga ruwa da wuta da ciwo. A ganina hatsi ne tushe, da sharaɗin kada ya kwana a fadama bayan watan Yuli. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya tun kafin ruwa ya kankama, don haka akwai lokacin kwashe buhuna zuwa gidan ɗan uwa a kan tudu, a sayar da wani kaso a raba kuɗin biyu: tsaba a leda tare da takardun gona da katin shaida, saura a asusu. Agajin NEMA da na hukumar jiha yakan zo, amma bayan ruwa ya riga ya shiga ɗaki. Kwanakin da ke tsakani, abin da gida ya tanada ne zai ciyar da shi.