Tsohon Injin Fatsa: Yadda Ake Tsawaita Ransa

Daga Ƙofar Dumi, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Bauchi, zuwa madatsar ruwa ta Gubi ba wata tafiya ba ce mai nisa. Masunta na can suna fama da koma da birgi, amma mai sha'awar kamun kifi da fatsa shi ma yana da wurin zama a bakin ruwan. To, wannan bayani domin wanda ya gaji ko ya sayi tsohon injin fatsa ne, watau ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a gindin sanda yana saki yana naɗe zare.

Irin waɗannan injuna suna da asali. Kamfanin Penn na Amurka ya soma aiki a 1932, Ambassadeur na ƙasar Suwidin ya fito a 1952, shi kuwa Mitchell 300 a garin Cluses na Faransa aka fara ƙera shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An yi su da ƙarfe mai ƙwari, amma fa kayan gyaransu suna da wuyar samu a ƙasar nan. Idan ɗan sifirin guda ya karye ko ya ɓace, sai injin ya zama abin wasan yara.

Babban abokin gabarsu a nan Arewa shi ne ƙurar hunturu. Takan shiga ciki ta haɗu da tsohon giris, ta zama kamar yashi, tana cin haƙoran giya sannu a hankali. Saboda haka duk wanda ya ji hannun injinsa ya yi nauyi ko yana ƙara, kada ya tilasta masa. Lokacin wanki ne ya yi.

Da farko a shimfiɗa farin ƙyalle, a kwance injin da sukundireba daidai bakin kusoshinsa, ana jera kowane abu bisa tsarin da aka ciro shi. A kula ƙwarai da 'yan siraran zobban da ke bayan giya, domin in aka sauya musu wuri haƙoran ba za su sake haɗuwa daidai ba. Sa'an nan a wanke sassan ƙarfe da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a bar su su bushe sarai. Kada a kusantar da fetur ga roba ko fenti, yana lalata su.

Wajen mayarwa, a shafa giris kaɗan a haƙoran giya, a ɗiga man keken ɗinki a sandar tsakiya da hannun juyawa. Yawan mai ba gwaninta ba ne, ƙura yake kira. Bugu da ƙari, duk ranar da aka dawo daga ruwa a goge injin, a sassauta birkin zare don kada zobbansa su manne, a sa shi cikin jakar ƙyalle a inuwa, gama rana tana tsofar da zaren nailan.

Wanda abin ya fi ƙarfinsa, ya nemi mai gyaran agogo ko na keken ɗinki, hannunsu ya saba da ƙananan kusoshi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Injin da aka kula da shi sau ɗaya a shekara, kafin hunturu ya kama, yana iya kaiwa ga jikoki.